Yadda Na Tare A Siton Makaranta

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin a Daura ba, ko da na so in manta, don har yau akwai masu tuna mini.

Ni mutumin Damagaram ne. Na tsallako Najeriya don koyar da Faransanci a wata makarantar kuɗi, na kuma zo da girman kaina cikakke: kwat, laktaye, turare, da jakar hannu wadda yawanci babu komai a cikinta. Yara na kirana Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, ni kuma ina tafiya kamar jakadan ƙasa. Hajiya mai makarantar ce ta kama mini ɗaki a wani gida bayan kasuwa.

Ana tsakiyar zangon karatu mai gidan ya ce in tashi, ɗansa zai yi aure, a ɗakin za a sa amarya. Hajiya ta tafi Umara, wayarta ba ta shiga. Iyaka a rufe take a lokacin, ba halin komawa gida. Takardar zamana ma ta ƙare, kullum ina cewa gobe zan sabunta.

Da mai hankali ne, hedimasta zai samu ya faɗa masa. Ni kuwa da ya tambaye ni ya gida, sai na ce, "Lafiya lau, Malam, sai godiya." (Wanda ke ɗaura laktaye a zafin Daura ba ya iya buɗe baki ya ce ba shi da wurin kwana.)

Akwai wani sito a bayan azuzuwa inda ake jibge karyayyun kujeru, makullinsa na hannuna saboda littattafaina na ciki. Nan na kai tabarmata da akwatina a ɓoye. In Baba Ilu mai gadi ya tafi sallar magariba sai in sulale ciki, in ya tafi ta asuba in fito. Barci kuwa sai dai ɓarawo. A lokacin ana ta zancen baƙin fuska masu kai wa ɓarayi rahoto, ga ni baƙo, Hausata ta bambanta, takarda ta mutu. Ko ɓera ya motsa sai in ji kamar an zo kama ni.

Ranar Lahadi zazzaɓi ya rufe ni. Na sha magani na kwanta, ban farka ba sai da na ji hayaniyar yara a filin taro. Gari ya waye tuni. Kafin in yi tunanin abin yi, tari ya ƙwace mini.

"Baba Ilu, akwai mutum a sito," in ji wata yarinya.

Na ji takun Baba Ilu, na ji ya buga ƙofar da gora. "Wane ne a ciki?"

Na yi shiru. Wannan shirun shi ne wauta mafi girma da na taɓa yi. Nan da nan na ji ana cewa a kira 'yan sintiri, a janye yara baya. Ta ramin ƙofa na hango maza da sanduna, ɗaya da adda, wani kuma yana cewa, "Ku tsaya ta bayan taga, kada ya fita." Na tuna mahaifiyata, na tuna yadda labari zai isa Damagaram cewa an kashe ɗanta a matsayin ɓarawon kujeru. Na so in yi magana, Hausar ta gudu gaba ɗaya.

Da suka ɓalle ƙofar, na fito hannuwa sama, daga ni sai singileti da zanen da nake rufa da shi, ina ta ba da haƙuri da Faransanci. Mai addar ya ɗaga hannu. Sai yaran da aka tara a gefe, waɗanda ni da kaina na horar da su cewa duk inda suka gan ni su gaishe ni, suka haɗa baki da ƙarfi: "Bonjur, Mushe."

Addar ta sauka a hankali. Wani ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Hedimasta ya dube ni, ya dubi tabarma da butata a cikin siton, ya ce, "Malam, wannan ne lafiya lau ɗin?"

Zanen nake ta riƙo kada ya ƙara mini wata kunyar.

Baba Ilu ya jingina gorarsa ya ce, "Ɗana, shagon ƙofar gidana babu kowa ciki tun bara. Kullum muna gaisawa da kai, amma ba ka taɓa faɗa mini ba." A ranar na koma can, hedimasta kuma ya raka ni aka gyara takardata. Na ƙara shekara biyu a makarantar, amma sunan Mushe bai sake tsayawa shi kaɗai ba, sai Mushe Na-Sito.

Abin da na koya ke nan: in ka ɓoye matsalarka don kada mutum ɗaya ya sani, ranar da za ta fito duk unguwa za ta zo kallo, wasu ma da sanduna.