Katin Bas ɗin Legas

Ni aka zaɓa in raka surukina Legas ganin likitan ido, domin a danginmu na Batsari ni ake wa kallon wayayye. Malamin makaranta ne ni, kuma na taɓa zuwa Abuja.

Da muka isa Legas, a tasha na sayi katin shiga bas, ina jujjuya shi kamar ni na ƙera shi. Na ce, "Baba, wannan sau ɗaya ake biya. Har mu koma gida, hawa kawai za mu riƙa yi." Tsohon ya jinjina kai, ya ce lallai boko ya yi rana.

Ko masallaci za mu, sai na ce mu hau bas. Ashe duk ƙarar da na'urar da ake ɗora katin a kai ta yi, kuɗin cikin katin take gutsura.

Ranar ganin likita na ɗora katin, na'ura ta nuna ja. Na goge shi da babbar rigata, na hura masa iska, na yi bisimilla na sake ɗorawa. Ja dai. Direba ya ce babu ko sisi a ciki, ni kuwa na gyara tsayuwa ina koya masa aikinsa da Turanci, mutanen layi suna ta tsaki.

Baba ya ja hannuna. "Malam, sauko. Idona ba ya gani sosai, amma wannan jan na gan shi."

Da ƙyar muka riski likitan yana shirin tashi.

Da muka koma gida, Baba ya baza labarin a gari. Har yau in na tsayar da ɗan acaɓa zuwa Safana, sai ya miƙo mini goshinsa ya ce, "Malam, ɗora katin."