Maganin da Na Haɗiya a Gubaira

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Saudiyya ta fara zuwa gasar kofin duniya ba. Ina tuƙi a Riyad, basir ya sa ni gaba, ni kuma na gaya wa kowa ciwon baya ne.

A wata saidaliyya, wato shagon magani, a unguwar Gubaira, mai magani, wani Bamisire da shi kaɗai na gaya wa gaskiya, ya ba ni wasu dogayen ƙwayoyi. Ya yi rubutu a kwalin, ya tambaya ko na gane. Na gyaɗa kai. (A lokacin ko sunana ban iya karantawa ba.) Na je gida na dinga haɗiya da shayi, ɗanɗanon kamar na kyandir.

Da na ga babu sauƙi, na koma ƙorafi. Alhaji Sale abokina ya yi min rakiya, sai Habibu, ɗalibin jami'a mai neman 'yata, don ya yi tafinta. Habibu ya faɗi kukana. Bamisiren ya dafe kai, ya yafito ni gefe, wai doka ta hana shi faɗin ciwon mutum a gaban wasu.

A wurinmu, ka bar masu rakiya ka je raɗa, ai ka wulaƙanta su. Na ce, "Ma fi mushkila, duktur, babu damuwa, likita, faɗi a nan. Waɗannan 'yan'uwana ne."

Ya sake tambaya. Na bugi ƙirji. Sai ya faɗa.

Habibu ya sunkuyar da kai.

"Me ya ce, malam?" in ji Alhaji Sale.

"Baba... wai ba a haɗiya. Ta ƙasa ake sawa."

"Ciwon baya, ta ƙasa?" Alhaji Sale ya riƙe kanta yana dariya. "Kai Alhaji, ashe bayan naka ya sauka!"

Mai maganin bai yi dariya ba. Ya ja ni lungu, ya duba ko ƙwayoyin sun yi min illa, ya nuna min komai a hankali. Cikin mako na warke.

A watan da abin ya faru na shiga ajin yaƙi da jahilci, ga shi yau da hannuna nake rubuta wannan. Yanzu in mai magani ya ce in zo gefe, har na riga shi isa.

Abin da na rasa: ƙwaya shida, sirri ɗaya, da ikon haɗa ido da surukina Habibu in ana shan shayi.