Liƙi a Gaban Alƙalan Rawa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na raka 'yata Alheri Manchester ba, ko da tsufa ya sa na manta sunana. Har yau in abin ya faɗo mini ina cikin bas, sai in ji kamar kowa ni yake kallo.

Alheri tun tana ƙarama ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya. Da ta kusa gama sakandare sai ta ce rawa za ta karanta a jami'a. Na ce rawa? Na baro Jos, ina ɗaga tsofaffi a gidan kula da su a unguwar Erdington ta Birmingham har bayana ya ƙage, don ki karanta abin da ake yi kyauta a gidan biki? Muka yi ta kai ruwa rana. Daga ƙarshe babanta ya raba gardama (shi dama sai wuta ta kusa cinye gida yake neman bokiti). Ya ce ta yi rawarta, amma ta haɗa da karatun da zai ba ta abinci ranar da gwiwa ta gaji. Ta zaɓi gashin ƙashi irin wanda ake yi wa 'yan wasa.

Sai neman makaranta. Takardunmu na zama a ƙasar nan ba su kai inda za a ba ta bashin karatu ba, don haka kuɗin baƙi za mu biya daga aljihunmu. Makarantar Landan, da na ga kuɗin sai na kife waya na sha ruwa. Ta nan Birmingham da sauƙi, amma rawa ce zalla. Ta Manchester ce ta haɗa biyun, ga ƙanwata a can za ta ba ta ɗaki, kuma suna rage wa ɗalibai kaɗan kuɗi, waɗanda suka burge su a gwajin rawa, in iyayensu masu ƙaramin ƙarfi ne. In ba ragin nan, ba Manchester, kuma dukanmu mun san haka.

Na ce mata, "Ke ki nuna musu rawa, ni zan nuna musu talauci. Kowa ya riƙe ɓangarensa."

Na kuwa shirya. Na cire 'yan kunnena na gwal, na ɗauko tsohuwar rigar sanyin da har zip ɗinta ya mutu. Abu ɗaya na manta: adashin zumuntar mata na cocinmu, wanda zan miƙa wa mai ɗauka ran Lahadi, yana cikin jakata a ambulan.

Zauren gwajin fili ne fetal, alƙalai uku a kan tebur, mu iyaye a benci can baya. Shugabarsu, wata doguwar Baturiya mai furfura, ta ce ba hoto, ba tafi sai an gama. Yara suka dinga fitowa suna birgima a ƙasa da wani kiɗa kamar ana jan kujera a siminti, iyayensu shiru kamar a wurin makoki. Na ce a raina, to, in wannan ce rawar, ai ni ma ina yinta kullum in zan ɗauko takalmi a ƙarƙashin gado.

Da aka kira Alheri, ita ma haka ta fara. Can sai kiɗan ya juya. Ganga da sarewa, irin na ƙauyenmu da ake kaɗawa ran Kirsimeti. Ashe kakarta ta sa aka ɗauko mata a waya, ba ta gaya mini ba. Yarinyar nan ta duƙa, ta karya ƙugu, ta watsa ƙafa sak mahaifiyata. Kuma bari in faɗi gaskiya, ban taɓa zama na kalle ta tana rawa ba. Kullum ina aiki, ranar da ba aiki kuma ina da uzuri. Daɗi ya kama ni har na ji hawaye.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ga kaina a tsakiyar fili, ambulan a hannu, ina tafe ina rausaya, ina manna wa 'yata takardun fam ashirin-ashirin a goshi. Ni da na zo nuna talauci.

Kuɗin ƙasar nan kuwa na roba ne, ba ya kama gumi kamar namu. Ina mannawa suna sulalewa ƙasa. Alheri ta zaro ido, ta yi ƙoƙarin ci gaba, ta taka ɗaya, santsi ya kwashe ta, sai ga ta zaune daɓas. Aka kashe kiɗa.

"Mum, please," ta ce, a hankali, da Turancinta na 'yan Birmingham.

Shugabar ta cire tabarau ta ce, "Madam, lafiya dai?"

Na durƙusa ina tsince kuɗin mutane a gaban kowa. Wani Bature cikin iyaye ya taso ya miƙo mini ɗaya da ya shige ƙarƙashin benci, ya ce yana jin kuɗina ne. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da godiya zan yi mata.

Amma ban gudu ba. Na ga tunda kunya ta riga ta gama da ni, ba abin da ya rage da zan tsare. Na je gaban teburin na ce musu kuɗin nan ba nawa ba ne, na matan coci ne, gobe zan mayar. Na ce a wurinmu in ɗanka ya yi rawa ta ratsa ka, haka ake yi, kuma ban iya riƙe kaina ba. Laifin nawa ne, yarinya ba ta san da shi ba. In akwai wanda za a kora ni ce, amma a bar ta ta sake.

Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Shugabar ta ce za ta sake daga farko, bisa sharaɗi ɗaya: in jira a waje.

Haka aka rufe ni a baranda kamar ɗalibar da ta yi surutu a aji. Ina jiyo gangar ta ƙofa, na matse jaka a tsakanin gwiwoyina, ina addu'a ƙafata tana bin kiɗa.

Muka shiga motar komawa ni da Alheri. Na ba ta haƙuri ta juya kai wajen taga. Can sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "To yanzu kin yarda na iya?" Na ce na yarda, har na wuce gona da iri. Ta yi ƙoƙarin ɓata rai, dariya ta ƙwace mata.

Sun ɗauke ta. Ragin bai kai yadda muka so ba, amma ya kai inda ƙarin aikin ƙarshen mako zai cike, kuma ina yi ba na ƙorafi. Abin da na koya shi ne, uwar da ta ƙi kallon rawar 'yarta a falo, a gaban alƙalai za ta biya bashin gaba ɗaya. Yanzu duk wasan da za su yi ina zuwa. Alheri ce ke saya mini tikiti, layin ƙarshe, kusa da ƙofa, kuma babanta ke riƙe jakar.