Shirun Abu Digin

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na yammar wata Alhamis ne bakina ya jawo min. Na san lokacin daidai saboda duk sanda kunya ta kama ni agogon hannuna nake kallo. A ranar kuwa ina gama furta kalmomi biyu, "Zan iya," sai idona ya faɗa kansa.

Bari in koma baya kaɗan. Shekarata ta farko ce a fakulte, wato jami'a, wata uku ina shiga aji ina fita, babu wanda ya san kalar muryata. Ni 'yar unguwar Ridina ce, irin yaran nan da ko suna ake yi a gidansu za ka ji an ce "ai tana ɗaki tana karatu." 'Yan ajinmu sun laƙaba min Hajiya Ƙamus, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin halin cewa ba na so ba.

Zara ce ta ji tausayina. 'Yar maƙwabtanmu ce, babanta mutumin Damagaram, bakinta ba ya hutawa. Ita ta ja ni zuwa wani benci a ƙarƙashin dalbejiya bayan ɗakin karatu, inda take zama duk Alhamis da samari biyu, Mahamat da Nadji. Abin da ya haɗa su shi ne kiɗan nan da Turawa ke kira metal, wato ƙarfe, kuma duk wanda ya sa masa sunan bai yi ƙarya ba. A duk garin nan masu jin sa ba su da yawa, shi ya sa suke riƙe da juna kamar dangi. Suna da ƙungiyar da suke mutuwar so, wasu masu dogon gashi daga ƙasashen sanyi, mai makaɗan gita biyu. Ɗaya dogo ne, suna ce masa Dogo. Ɗayan gemunsa har ƙirji, Mahamat ya sa masa Abu Digin da Larabcinmu na nan, wato mai gemu. Ni ban san komai a kai ba. Abin da na sani kawai shi ne a karon farko akwai wurin da ake matsa min in zauna, kuma ba na so in rasa shi.

Ranar Alhamis ɗin musu ya yi zafi.

"Dogon nan naka katako ne aka rataya wa gita," in ji Mahamat. "Ka ji faifan da ya yi shi kaɗai? Kiɗan lallashin jarirai! Ƙanwata ta yi barci a waƙa ta biyu."

"Gara barci," in ji Nadji. "Ƙungiyar da Abu Digin ɗinka ya je ya kafa a gefe fa? Injin markaɗe ne ya haɗiye cokali."

"Kalas, ya isa!" in ji Zara. "Kun ishe mu. A samo alƙalin da ba ya ɓangaren kowa, ya saurara, ya yanke hukunci."

Sai kawai na ji wata murya ta ce za ta iya, kuma muryar tawa ce.

Nadji ya tura min waƙoƙi ashirin da uku a waya: na babbar ƙungiyar, da na Dogo shi kaɗai, da na ƙungiyar Abu Digin ta gefe. Ya ce sautin Dogo kauri ne da shi, yana tafiya a hankali, na Abu Digin kuwa siriri ne mai sauri kamar zanzaro. Aka ba ni mako biyu.

Na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, na ja layuka da rula, na tanadi bik, wato biro, kala uku. Na kafa wa kaina doka: ba zan karanta komai game da su a intanet ba, kada ra'ayin wani ya gurɓata min hukunci. (Na yi alfahari da wannan doka sosai. Ku riƙe ta a ranku.) Kullum bayan la'asar sai in zauna a tsakar gida ina yankan kuɓewa ko tsintar shinkafa, waya a cinya, kaye a gefe. Innarmu ba ta kiran mutum sau biyu, in ta kira ba ka amsa ba abin da zai biyo baya ba kira ba ne. Saboda haka ekuter, abin sauraren nan na kunne, ɗaya nake sawa, na hagu a kunnen hagu kamar yadda aka rubuta a jikinsa, na daman kuma in cusa shi a wuyan riga, kunnen dama na Inna ne.

Wata rana ta zare shi daga kunnena ta kara a nata. Ba ta yi daƙiƙa biyar ba ta cire.

"A'uzubillahi! Ke 'yar nan, maƙera ne ke faɗa?"

"Binciken makaranta ne, Inna."

(Ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Bencin a cikin makaranta yake.)

A kwana na huɗu na gano wani abu. A waƙoƙin babbar ƙungiyar Dogo nake ji ko'ina, yana ta aiki kamar jakin ɗaukar yashi. Abu Digin kuwa da ƙyar nake jin ɗuriyarsa, can nesa-nesa, kamar rediyon maƙwabta. Mafi muni ita ce waƙa ta bakwai: daga minti biyu da daƙiƙa goma sha huɗu zuwa minti uku da daƙiƙa biyu babu komai sai ganga da wani gurnani a ƙasa. Na maimaita ta sau tara. Amma da na koma kan ƙungiyarsa ta gefe, ga mutumin nan ya cika kunne, yatsunsa kamar ana kora su. Sai komai ya fito min fili. Abu Digin maci amana ne. Yana ɓoye ƙarfinsa a babbar ƙungiya don ya kai wa tasa. Na rubuta wannan da jan bik, na ja masa layi biyu.

Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Yaya zan faɗa wa Mahamat haka a gabansa? In ya yi fushi ya bar bencin fa? In ni aka kora fa? Na yi ta gwada jawabin a gaban madubi, abinci ya daina shiga. Zara ta roƙe ni in ɗan tsegunta mata, na ce alƙali ba ya tsegumi.

Ranar Asabar da hantsi aka sa zaman a unguwar Kabalaye, a shagon yayan Nadji mai ba da hayar lasifikokin biki. Na sauka daga kan klando, babur ɗin haya, na rungume kayen a ƙirji. Mutum uku na yi tsammani. Na tarar da sun fi goma, duk masu baƙaƙen riguna, ashe labari ya bazu cewa Hajiya Ƙamus za ta raba gardama.

Na fara karatu murya can ƙasa, aka ce in ɗaga. Na ɗaga. Da na yabi Dogo, Nadji ya dinga gyaɗa kai, sai na ji wani ƙarfi ya shige ni. Na kai kan jan layin nan, na karanta shi dalla-dalla, har na ƙara da abin da ban rubuta ba: "A waƙa ta bakwai, daƙiƙa arba'in da takwas cur, ina kyautata zaton shayi ya tafi sha."

Na jira dariya. Babu wanda ya yi. Nadji ma ya daina gyaɗa kai.

"Ya akhti, 'yar'uwata," in ji Mahamat a hankali, "waƙa ta nawa kika ce?"

"Ta bakwai."

"Daga ina?"

"Minti biyu da goma sha huɗu." Har da nuna masa shafin.

Ya juya wurin yayan Nadji. "Babban yaya, don Allah sa mana ita."

Lasifikoki biyu ne a shagon, kowanne ya kusa kai ni tsawo, ɗaya a hagun ƙofa, ɗaya a dama. Waƙa ta tashi, ni kuma ina bin agogona. Minti biyu da goma. Goma sha uku. Goma sha huɗu. Sai lasifikar dama ta tsage. Wani sauti siriri ya fito yana hawa yana sauka, yana kuka yana dariya, kwalaben lemo na rawa a kan tebur, samari uku sun rufe ido suna kaɗa iska da yatsu. Abin da ya ƙarasa ni shi ne na san sautin. Shi ne ƙarar wayar Mahamat. Kullum a benci sai na ji shi.

"Ba wannan kuka tura min ba," na ce.

Zara ta zuba min ido. Ta san gidanmu, ta san Inna. Ta ce da Hausa, wadda sauran ba sa ji, don ta rufa min asiri, "Ke, wai da kunne nawa kike ji?"

Yayan Nadji ya ga hannuna ya tafi wuyan rigata. Ya yi murmushi, ya mayar da waƙar baya, ya zare wayar lasifikar dama. Ga ganga, ga gurnani, ga shirun nan nawa da na auna sau tara. Ya ce, cikin tausayi wanda ya fi zagi ciwo, "Ƙanwata, haka suke ɗaukar faifansu. Dogo a hagu, mai gemu a dama. A ƙungiyarsa ta gefe shi kaɗai ne mai gita, shi ya sa yake fitowa ta ko'ina. Kowa ya san wannan."

Kowa, ban da wadda ta hana kanta karantawa.

Dariyar da na jira ɗazu sai yanzu ta iso, ta zo da 'yan rakiya. Wani ya faɗo daga kan kujera. Wani yana ta maimaita "shayi, wai shayi!" Ban san yadda na fita ba. Sai da klando ya kai ni Ridina na lura na bar kayen a can.

Alhamis biyu na ɓuya a ɗakin karatu, a kujerar da ba ta kallon taga. Na yi tunani sosai. Kakanmu ya baro gida da niyyar Makka, ya tsaya hutawa a bakin kogin nan, ga mu har yau muna hutawa, wataƙila tsayawa a rabin hanya gado ne. Na kuma koyi cewa mutum na iya ɗaukar rula ya ja layi miƙaƙƙe, mai tsabta, har biyu, a ƙarƙashin shirme.

A Alhamis ta uku wani ya ajiye kayena a kan teburin. Na ɗaga kai, Mahamat ne, fuska a ɗaure. Na soma ba shi haƙurin da na haddace, ya ɗaga hannu.

"Nadji ya hana ni sakat," ya ce. "Ya kwafe kayen nan kaf. Wai kin gano wa Dogo abubuwa goma sha ɗaya da shi kansa bai taɓa ji ba. Kullum sai ya karanta min."

Na kalli agogona. Na yi tambayar da ta hana ni cin abinci kusan mako uku.

"To yanzu... in daina zuwa benci ke nan?"

"Ki daina zuwa? Bayan kin ba shi shafi talatin ni ba ki ba ni ko layi ba? Rahoton kunnen hagu kika kawo, Hajiya. Ki ba Inna na hagun ta riƙe, mako biyu, muna jiran na dama."