Takun Manya

Duk Jiddari Polo babu mai ilmin madara kamar taubashina Alhaji Ajimi, Sarkin Hantsa, Farfesan Kindirmo. Tun da ya bar Mafoni ya gina gida mai get, ya sayo wata saniya da ya rantse 'yar Holan ce. Mu dai mun san sau biyu tana ɓari kafin mai ita ya rabu da ita. Alhaji ya ce ba ɓari ba ne, tsarin iyali take yi irin na Turawa.

Madararta ba ta ganin wuta. Ƙanwarsa Kaltum ta taɓa ɗora tukunya, ya daka mata tsawa: "Tafasawa sai talakan da bai san uban saniyarsa ba! Ni daga hantsa sai kofi."

Da ya shiga neman auren Siddiƙa, 'yar Malam Ya'akubu na unguwar Dala, sauran manema na kai turare da atamfa, shi galan ɗin madara yake aikawa kullum, da ɗuminta. "A gaya wa Baba a sha ta haka nan."

Sai zazzaɓi ya fara kama Alhaji, yana zuwa yana tafiya kamar wutar lantarki. Gumi ya jiƙa katifa, ya ce ƙarfin madara ne ke fita. Gwiwoyi suka riƙe, ya ce nauyin arziki ne. Can kuma wani wuri da ba a ambata a gaban surukai ya kumbura, wallahi kamar kankana. Alhaji ya koma tafiya ƙafa a wawware, kamar mai tsallake kwata.

"Takun manya ke nan," in ji shi.

Obadiah likitan dabbobi ya duba saniya, ya dubi takun, ya ce bakkale ce, ƙwayar cutar da ke bin ɗanyar madara ta shiga mutum.

"Kai likitan dabbobi ne, tsaya a aikinka!"

"A kansa nake, ranka ya daɗe."

Ranar sa rana muka raka Alhaji Dala, babbar riga ta rufe abin da za ta iya rufewa. Muna zaune a zaure sai ga Malam Ya'akubu yana dafa bango, ƙafa a wawware. Bayansa ƙaninsa, bayansa limamin unguwa da ake ɗibar wa kofi guda, kowa da takun manya.

Da ƙyar Malam ya kai tabarma. Ya ce, "Ajimi, yarinya ta fasa, ni ma na fasa. Galan ɗinka na bakin ƙofa."

Mu a ƙafa muka dawo. Keken da muka tare mai cin mutum uku ne, Alhaji shi kaɗai ya cika shi.