Nomau da Gurnanin Sifika

A ƙauyen Rafin Gora an yi wani mutum mai suna Nomau, wanda in ka ce ya jira ka a gindin bishiya, ko bayan kwana uku ka dawo a nan za ka same shi, har ya tambaye ka ko ya yi daidai. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Shi dai yadda aka faɗi magana haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Azumi mai ɗinkin huluna, wadda Allah ya ba ta haƙuri amma bai cika mata mudu ba, sai mahaifiyarsa Inna Delu, wadda kunnenta ya yi nauyi har in aka yi tsawa sai ta ce a duba wa ke sallama.

Wata rana yayansa Ilu, direban babbar mota, ya dawo daga Kudu da wata ƙatuwar sifika baƙa wul, tsawonta ya kai ƙugun mutum. Ya jona ta, ya haɗa da rediyo, kiɗa ya tashi har kwanukan Azumi suna rawa a kabad. Da zai tafi ya ce, "Taka ce. Ka riƙe ta kamar baƙuwa mai daraja." Murna ta kusa kashe Nomau, domin tunda aka haife shi bai taɓa mallakar abin da mutane za su yi sallama su shigo kallo ba. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya dire mata kofin kunu, ya durƙusa ya yi mata barka da hanya. Amma da aka kashe rediyo, baƙuwa ba ta yi shiru ba. Sai wani gurnani ƙasa-ƙasa, zuuuu, ba tsayawa.

"Azumi," in ji Nomau cikin raɗa, "baƙuwa na gunaguni. Ko kunun ne bai ji sukari ba?"

Kwana huɗu Azumi tana ɗinki gurnanin nan yana huda mata kai. In ta cire wayar daga soket, Nomau ya mayar, wai ba a barin baƙo da yunwa. A rana ta biyar ta jefar da allura ta ce, "Malam, ran Lahadi mai gwangwan, mai sayen tarkacen nan, zai zo. In abin nan bai yi shiru ba, wallahi ba shi zan yi in karɓi robobi." Nomau ya dubi Inna ko za ta sa baki, Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin baƙuwa mai kunya irin wannan ba, ko tari ba ta yi.

Wata rana, wato washegari, Nomau ya garzaya bakin tasha wurin Malam Hashimu mai gyaran rediyo, mutumin da ke ba da shawara ba tare da ya ɗaga kai daga aikinsa ba. Ya ji bayani ya ce, "Wataƙila wayar salula ce. Ka nisanta ta da sifikar."

"Nisa kamar yaya?"

"Da nisa dai, Nomau!"

Nomau ya koma gida, ya zare wayar Azumi daga caji, ya hau keke, bai tsaya ba sai Kwanar Dogo, tafiyar awa biyu, ya damƙa wa gwaggonsa ajiya. Duk mai hular da ya kira Azumi ranar, gwaggo ce ta ɗauka, ta tambaye shi ɗan gidan wa ne, ta kuma ba shi labarin ciwon gwiwarta. Nomau ya iso gida da la'asar jiƙe da gumi, ya kasa kunne tun daga zaure. Zuuuu. Ya ce lallai nisan ne bai isa ba, gobe zai wuce da ita gaba. Da muciya Azumi ta raka shi har bakin hanya ya je ya karɓo.

Wata rana kuma ya sake komawa. Malam Hashimu ya ce, "To, ka riƙa cire abubuwan ɗakin ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Wanda ka cire ƙarar ta tsaya, shi ne mai laifin." Shi fanka da caja da talabijin yake nufi, amma wa ya gaya wa Nomau? Ya fara da fitar da gado. Ya dawo ya saurara. Ya fitar da kabad, ya saurara. Kwanuka kuwa ɗaiɗai ya riƙa kai su tsakar gida, kowane murfi da tafiyarsa. Ya naɗe labule, ya cire kalanda. Ya ɗauki Inna cak da tabarmarta da carbinta ya ajiye gindin dalbejiya, tana ta sa masa albarka, a zatonta shan iska ya kawo ta. Zuuuu.

Saura Azumi, tana zaune a ƙasa da hula a hannu, ta zuba masa ido.

"Yi haƙuri, ke ma fita za ki yi."

Ta tashi ta fita don kada ta yi abin da za ta yi nadama. Ƙafarta na taka tsakar gida aka ɗauke wuta. Ɗaki ya yi tsit.

Nomau ya fito a guje, idanu waje, yana nuna ta. "Ke ce! Wallahi ke ce! Jama'a, na gano, matata ce!" Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya shiga lallashinta, wai ba komai, zai yi mata rumfa a waje, abinci ma zai riƙa miƙo mata. Azumi ta buɗe baki ke nan aka dawo da wuta, gurnani ya tashi alhali tana tsaye a waje. Nomau ya sosa ƙeya ya ce, "To, an wanke ki." Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, ita kuwa cewa ta yi ko Lahadin ba za ta jira ba, gobe da kanta za ta nemo mai gwangwan.

Wata rana, ita ce ta ƙarshe, Nomau ya isa tasha da sassafe ido cike da hawaye. Malam Hashimu ya gaji, ya ce, "Kai, bi wayar wutar! Sa kunne ka bi ta har inda ƙarar take fitowa, kada ka tsaya." Nomau ya dawo ya kara kunne a sifika, ya rarrafa ya bi waya zuwa soket. Daga soket waya ta hau bango, shi ma ya kawo tsani ya hau. Waya ta shige cikin silin. To, an ce kada ya tsaya. Ya ture allon silin ɗaya ya kutsa, yana jan ciki a kan katako, Azumi na ƙasa tana salati. Can sai suka ji muryarsa: "Ga ta nan! Tana cewa tsss!" Sai ruguzum! Silin ya ɓurma, Nomau ya faɗo kan katifa, ya taho da ƙura da tsummokara da ɓeraye uku da suka watse kowa ya kama gabansa.

Azumi ta ɗaga murya za ta fara, sai hancinta ya jiyo ƙauri. Tsummokaran da suka zubo hayaƙi suke yi. Ta ɗaga kai. Ta cikin ramin ga wayoyi biyu da aka haɗa aka naɗe da leda, ledar ta narke, tartsatsi na fita, katakon da ke kusa ya yi baƙi ƙirin. Daidai saman inda Inna ke kishingiɗa kullum da rana.

Aka kashe wutar gidan, aka kira Malam Hashimu, yau dai ya bar bencinsa. Ya hau ya duba, ya sauko. Ya ce, "Wannan ko kwana biyu ba zai ƙara ba. Da gidan nan ya kama da wuta." Ya yanke wayar ya sa sabuwa, aka kunna wuta, aka jona sifika. Shiru. Sannan ya juya ya ce, "Kai kuma Nomau, don girman Allah, kada ka sake taɓa komai."

Azumi ta zauna daɓas ta dubi Inna, wadda ke tambayar ko yau ma za a fita shan iska, sai kuka ya ƙwace mata, tsoro da godiya suka haɗu. Ta share ido ta dubi mijinta, fari fat da ƙura tun daga kai har ƙafa, ta ji duk duniya ba wanda take so kamar wannan wawan bawan Allah.

"Sifikarka ba inda za ta," in ji ta. "Kunna mana kiɗa."

Nomau na tsaye tsakiyar ɗaki, hannaye biyu a sama. "An ce kada in taɓa komai."

Azumi ta tashi ta kunna da kanta, ta ƙure murya har Inna ta ce, "A'a, ashe tana magana!" Nomau kuwa ya shiga taka rawa yana juyi, ƙura na tashi daga rigarsa, hannayensa na sama bai sauke ba.