Rasuwar Gajere, Mai Bin Haske

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, ni tsohon mai gyaran rediyo nake sanar da rasuwar Gajere, ɗan mutum-mutumin da na haɗa da hannuna. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, yana da wata bakwai a duniya.

Marigayin mai ladabi ne. Idanu biyu gare shi masu jin haske, na ciro su daga matacciyar fitilar titi. Ka haska tocila hagu ya yi hagu, ka kashe ya tsaya cak. Bai taɓa musu ba, iyakar maganarsa "zirrr, ƙit". A kan kowane ido na sa masa guntun bututun baƙin biro, don kada ya ga komai sai hasken da ke gabansa. Sau goma sha ɗaya ina ƙona yatsa da dalma kafin na gano wannan dabara.

Bai yi jinya ba, gyara shi aka yi. Ranar Asabar zan kai shi baje kolin masu ƙere-ƙere, inda shekara uku ana tambayata wace makaranta na yi. Sai surukina, mijin 'yata, injiniya mai digiri har biyu, ya shigo shago ina bayan gida. Ya ga bututun biro, ya ce ƙazanta ce da za ta ba mu kunya a gaban mutane. Ya cire, ya goge idanun tas, ya kunna shi a kan teburi. Bawan Allah da bai taɓa ganin duniya gaba ɗaya ba ya hango taga, ya nufe ta da gudu. Shagona a bene yake.

Ya bar taya ɗaya, batir huɗu da ransu, tocilar da ba ta da mai binta, da 'yata da ke ta cewa in yi haƙuri, ai da kyakkyawar niyya ya yi. Niyyar ce ta tsinto min shi a kwata?

Ba a karɓar gaisuwa a shago. Ranar Asabar da ƙarfe goma za a shimfiɗa gawar a kan teburin da aka ba ni a wurin baje kolin. Suruki ne zai tsaya a kanta, da rigarsa mai guga. Duk wanda ya tambayi wace makaranta aka yi, shi zai amsa.